Ƙwanson Teku a Rijiyar Unguwar Kanya

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ɓoye ruwa a ƙarƙashin ƙasa, ya kuma sanar da wanda ya so hanyar kaiwa gare shi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya ku samarin da kuke juya kundina a sabuwar takarda, labari ya iso ni cewa kuna faɗa a zaure wai haƙar rijiya ba sana'a ba ce, ƙarfin damtse ne da rashin tsoro: mutum ya riƙe dagi ya nufi ƙasa, in bai mutu ba ya sami ruwa. Na kuma ji kuna tambayar juna dalilin da ya sa saɗara ɗaya a shafin Unguwar Kanya take da jan zane a ƙarƙashinta, har wani a cikinku ya ce a tsallake ta, tun da ga alama kuskuren alƙalami ne. Ba kuskuren alƙalami ba ne. Zan amsa maganganun nan biyu a haɗe, domin amsarsu ɗaya ce.

Rijiyar farko da na shiga ta mahaifina ce, a bayan garin Maska. Kafin ya bar ni na taɓa dagi sai da na yi rani guda ina murɗa igiya. Igiya biyu ake kawowa bakin rami, ɗaya ta kwandon ƙasa, ɗaya ta mutum, kuma wanda ya musanya su ko sau ɗaya an kore shi daga aikin. Kayanmu ba su da yawa: dagi na ƙarfe don fasa ƙasa mai tauri, gajeriyar fartanya wadda ƙotarta ba ta wuce kamu ɗaya ba, don ramin ba ya ba ka filin ɗaga hannu, da guduma, da kwando, da guga. Matakan da ake sassaƙawa a jikin rijiya suna da ƙa'ida, in sun yi nisa da juna gajeren mutum ya faɗi, in sun yi kusa bango ya zube. Idan rami ya kwana biyu ba a shiga ba, sai a zura kaza a kwando, a jira, a jawo ta. In ta fito da ranta mutum ya sauka. Zurfi kuwa da gaba ake auna shi, wato faɗin hannuwa biyu a miƙe. Wanda ya ce wannan duka ƙarfin damtse ne, bai taɓa ɗaga kai daga gaba goma ya ga sama ta koma kamar bakin tulu ba.

Mahaifina ya sa ni karatu tare da aikin, kuma da na girma na tafi yamma, ƙasar Gobir, neman ƙarin ilimi. A can na jingina da wani shugaban mahaƙa, Baba Alu, ina karatu da safe ina jan igiya da rana. A hannunsa na fara kundin nan. Na lura mahaƙa suna riƙe da ilimi mai yawa a ka, yana kuma mutuwa tare da su, wannan ya ɓata mini rai ƙwarai. Sai na ɗauki alkawari cewa duk rijiyar da na sa hannu zan rubuta abin da aka tarar a kowace gaba, ba ƙari ba ragi.

Wata rijiya a wani ƙauye na can ita ce ta fara nuna mini abin da nake son ku fahimta. Bayan jar ƙasa da marmara, sai muka shiga wani farin dutse mai laushi, dagi yana cinsa ba wahala. Kwandon farko da na juye, na ga ƙwanson halittun ruwa a cikinsa, amma duk sun zama dutse. Na tsuguna ina tsincewa har aka yi mini tsawa daga ƙasa a kan kwando. A kwana ashirin na rarrabe iri-iri. Akwai mai kama da makankari, ƙwanson kogin nan da mata suke kankare tukunya da shi, ɓarinsa biyu daidai da juna. Akwai mai murɗe kamar katantanwa, wani ƙarami, wani ya cika tafin hannu. Akwai mai kewaye kamar waina, da zane biyar a bayansa. Kowane iri da mazauninsa: masu murɗe sun fi yawa a sama, masu kama da waina a tsakiya, ba sa cakuɗa yadda suka ga dama. Can ƙasa kuma, inda farin dutsen yake gab da ƙarewa, akwai wani ɗan ƙarami da bai wuce kan babban yatsa ba. Ɓarinsa biyu ba daidai suke ba, ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ya lanƙwaso a kan ɗan uwansa kamar bakin aku, kuma a ƙarshen bakin akwai huda kamar kafar allura. Mahaƙan can suna ce masa mai huda. Ba ya yawa, kuma ban taɓa ganin mai rai irinsa a wani kogi ba.

Ranar da ya fara fitowa, Baba Alu ya ɗora mini shi a hannu ya ce: "In ka ga wanga, aje dagi, ka nemo guga." Haka kuwa aka yi, kafin gaba ɗaya ruwa ya ɓuɓɓugo a kan wani baƙin yumɓu da ke ƙarƙashin farin dutsen. Rijiyoyin da na yi da shi a shekara huɗu, duk inda mai huda ya fito ruwa bai yi nisa ba. Na tambayi malamaina asalin abin. Wasu suka ce ragowar ruwan ɗufana ne, wasu suka ce a littattafan magabata an ambaci cewa tudu yakan koma teku, teku ta koma tudu, bisa tsawon zamani. Da zan dawo gida Baba Alu ya ba ni mai huda guda ɗaya, na sa a jakar fata na rataya a wuya.

A hanyar dawowa na yi ta leƙa rijiyoyi ina tambayar mahaƙa ina rubutawa. Bayan 'yan kwanaki farin dutse ya ƙare, aka shiga ƙasar yashi, inda ba ƙwanso ko ɗaya, sai guntayen itace da suka zama dutse. Daga nan kuma aka shigo ƙasar duwatsu irin tamu, ba ƙwanso ba itace. Da hannuna na rubuta wannan. Amma da na zauna yin nazari sai na karkatar da shi. Na ce ruwan da ya rufe can lalle ya rufe nan, saboda haka farin dutse da ƙwansonsa suna nan ƙarƙashinmu, sun dai yi zurfi ne, mahaƙanmu kuma ragwaye ne, da sun ji tauri sai su tsaya. Laifin wannan ƙiyasi nawa ne ni kaɗai, ba na malaman da suka karantar da ni ba. Na dawo Maska ina ganin na fi mahaifina sanin ƙasar da ya yi shekara arba'in yana haƙa, Allah bai nufa ya rayu ya gyara ni ba.

Aikin Unguwar Kanya ya zo ne a shekarar da damina ta ɗauke da wuri. Unguwa ce ta gida goma sha tara tsakanin Ƙarfi da Dayi, Musulmi da Maguzawa a haɗe. Tsohuwar rijiyarsu ta ƙafe tun kafin a gama sussuka. Mata suna fita da asuba zuwa wata ƙorama, su tona yashi, su dawo da tulu ɗaya ɗaya rana ta take. Mai unguwa Audu ya aiko a kira ni, ya gaya mini a fili cewa in ba a sami ruwa kafin tsakiyar bazara ba unguwar za ta watse, don wasu gidaje sun fara ɗaure kaya.

A unguwar akwai wani tsohon mahaƙi Bamaguje, ana ce masa Nomau. Ya kai mu gangaren gabas, ya nuna wani tsohon suri kusa da itacen ɓaure, ya ɓalli ƙasar surin ya murza, ya ce gara ta san inda danshi yake. Ya ce a ƙasar nan ruwa yana kwana ne a cikin ruɓaɓɓen dutse, wanda yake marmashewa a hannu kamar dambu, in ka wuce shi ka ji dagi yana ƙara a kan lafiyayyen dutse to ka gama, ka fito. Ni kuwa na buɗe kundi a gaban mutane na karanta musu rijiyoyin yamma ɗaya bayan ɗaya. Na ce tun da farin dutse yana ko'ina a ƙasa, ba dalilin wahalar da mata zuwa gangare, a haƙa a kan tudu kusa da masallaci. Na ƙara da cewa ba a bin gara a bar rubutu. Mutane suka yi dariya. Nomau ya dube ni ya ce: "Malam, takardarka ta taɓa shan ruwan garin nan?" Aka sake yin dariya, amma mai unguwa ya bi bayan takarda, ya kuma umarci kowane gida ya ba da namiji ɗaya.

A gaba shida dagi ya yi ƙara. Dutse ne toka-toka mai ɗigo-ɗigon baƙi, guduma tana tsalle a kansa. Irin wannan ba ya fasuwa sai da wuta: a cika gindin rami da itace a kunna, in ya yi ja a sheƙa masa ruwa ya tsage, a jira hayaƙi ya fita, a zura kaza, sannan a sauka a ɓamɓare abin da ya ɓamɓaru. Ku lura da kalmar ruwa a nan. Ruwan da za a sheƙa shi ne wanda mata suka ɗauko daga ƙorama. Aka yanke cewa a kowane tulu uku, ɗaya na rijiya ne. Wata dattijuwa mai suna Kande, wadda gidanta yake daura da ramin, ita ce take tattara tulunan, kullum kuma sai ta tambaye ni saura nawa. Ina ce mata saura kaɗan.

Kwana goma sha biyu muna wannan, ba mu wuce kamu biyu ba. Maza suka fara gunaguni. Na ji da kunnena ana cewa gobe za a je wurin mai unguwa a roƙe shi a koma gangaren Nomau.

Al'adata ce kullum kafin azahar, in mahaƙa sun fito shan fura, in sauka ni kaɗai da igiyar awo. Ran nan na sauka. Na auna, gaba shida da kamu biyu. Sannan na kwance jakar wuyana, na fito da mai huda, na shafa masa toka, na cusa shi cikin ɓaraguzan da ba a kwashe ba. Na hau, na yi alwala da ruwan Kande, na ba mutane salla. Abin da na gaya wa kaina shi ne, ai farin dutsen yana nan ƙasa tabbas, ni gaggauta albishir kawai na yi don kada su karaya. Ku riƙe wannan, domin duk mai rubutun da ya yi ƙarya da irin wannan magana yake farawa.

Kwando na uku bayan salla ya fito da shi. Mata suka yi guɗa, aka yanka akuya, mai unguwa ya riƙe hannuna ya ce Allah ya ƙara wa ilimi albarka. Mutane suka kewaye ni suka ce a rubuta. Na ɗauki alƙalami a gabansu na rubuta: Unguwar Kanya, gaba shida da kamu biyu, an sami mai huda. Ita ce saɗarar da kuke son tsallakewa.

Washegari Nomau ya same ni ni kaɗai a gindin kanya ya ce in ba shi ya gani. Ya jujjuya shi, ya goge tokar da babban yatsa, ya kai hanci. Ya ce abin da ya fito daga ƙasa jiya ba ya sheƙi haka, wannan ya sha hannu, kuma warin jimammiyar fata yake yi. Ya ce ga shi fari, ramin kuwa tun daga sama har ƙasa ba farin abu ko ƙwaya. Sannan ya mayar mini ya ce: "Baƙo ne, Malam. Kai ka san wanda ya rako shi. Ni ba zan faɗa ba, bakinka ya fi nawa nauyi a garin nan."

Na tashi tsaye na ce masa ni ne zai tuhuma da ƙarya, ni da nake riƙe da alƙalami? Na faɗi wasu maganganu a kan addininsa waɗanda ba zan maimaita su a takarda ba. Ya ɗauki daginsa ya tafi gangare, ya fara haƙa shi da ɗansa, su biyu, alhali mazan unguwa duk suna kan tudu bisa umarnin mai unguwa.

Muka ƙara kwana talatin da ɗaya. Itacen da aka tara don damina ya ƙare a ramin. Mutum biyu suka kwanta da tari saboda hayaƙi. Gonakin da ya kamata a share ba a share ba. Gida huɗu suka tashi, sannan biyu. Kullum kafin azahar ina sauka ina aunawa, ina kuma duba kowane ɓaraguzi da fatan in ga fari, domin in na gaskiya ya fito, na ƙarya ya shige cikinsa ba wanda ya sani. Ban ga komai ba sai toka-toka da ɗigon baƙi.

A rana ta talatin da biyu da hantsi Kande ta zo ta durƙusa a inda nake zaune. Wuyanta ya kumbura saboda tulu, ba ta iya juya kai sai ta juyo da jiki duka. Ta ce 'ya'yanta sun yanke shawara, gobe za su koma wajen dangi a Dayi, ba ta da ikon hana su. Ta ce ba ta zargi kowa ba, ruwa na Allah ne. Sannan ta ce:

"Malam, alfarma ɗaya nake nema. Dutsen nan mai kiran ruwa, ka ba ni aronsa in tafi da shi. In mun je can za mu haƙa tamu, sai a jefa shi a ciki. Nan ƙila zunubanmu ne suka hana shi aiki."

Na ce mata ta jira bayan azahar.

Da aka idar da salla ban bar mutane sun watse ba. Na aika a kira Nomau daga gangare, da matan da ke kusa. Na tsaya na faɗi abin da na yi, da ranar, da lokacin, da inda na samo dutsen, da abin da Nomau ya gaya mini, da abin da na mayar masa. Ba wanda ya ɗaga murya, kuma da sun ɗaga da ya fi mini sauƙi. Mai unguwa ya tambaye ni ko da na ba su salla ran nan abin yana cikin ramin. Na ce yana ciki. Ya ce to daga yau wani ya shige gaba a salla. Kande kuwa tambaya ɗaya ta yi: "To ruwan da muka zuba fa, Malam?" Washegari suka tafi, gida na bakwai ke nan, kuma ba su dawo ba.

Na ɗaure kayana zan bar garin, sai Nomau ya tare ni a hanya ya ce ina za ni, ga rami yana neman hannu. Na ce masa, Baba, wa zai yarda in riƙe masa igiya? Ya ce ba igiya zan riƙe ba, ciki zan shiga, shi zai riƙe tawa. Ya ce kuma in zo da takardar, tun da na iya rubutu in rubuta na garin nan, na mutanen yamma ya ishe su. Mazan da suka rage suka sauko gangare, inda Nomau da ɗansa, su biyu kawai, ba su yi wani nisa ba. Jar ƙasa gaba biyu, tsakuwa rabin gaba, daga nan ruɓaɓɓen dutse mai ƙyalƙyali yana marmashewa kamar yadda ya faɗa. A rana ta goma sha ɗaya, ina tsugune a gaba takwas, na ji sanyi yana ratsa yatsun ƙafata. Na cika ƙoƙo na sa a kwando aka ja. Na ji muryar Nomau daga sama yana cewa in duba da kyau ko akwai ƙwanso. Mutane suka yi dariya, kuma sun yi gaskiya.

Kwana goma sha ɗaya. Ku ɗora shi a kan kwanakin da aka ɓata a tudu, ku ga da wane gida ne zai tashi in da an bi Nomau tun farko.

Bayan wannan na yi shekara ashirin da wani abu ina haƙa a ƙasar Maska da kewayenta, shida daga ciki a ƙarƙashin Nomau har ya rasu. Ban taɓa samun ƙwanso a rijiyar ƙasar nan ba, ban kuma ji amintaccen mutum ya samu ba. Abin da kundin yake nunawa, in an karanta shi da gaskiya, shi ne cewa akwai teku da ta taɓa kwanciya a yamma, ta daɗe har halittunta suka yi iri-iri suka mutu jeri bisa jeri, kowane iri a mazauninsa, kuma tana da gaɓa. Ko ba ta iso nan ba, ko ta iso ba ta bar alama ba, Allah ne masani. Alamar ruwa a wata ƙasa ba alama ba ce a wata, kuma mahaƙi yana fara aiki ne da tambayar tsofaffin wurin, kowane addini suke bi.

Ramin tudu yana nan har yau, an rufe bakinsa da itace saboda awaki. Mutanen unguwar suna ce masa Rijiyar Malam. Ta gangare, wadda suke sha, ba ta da suna, rijiya kawai ake ce mata. Na roƙi a riƙa kiranta da sunan Nomau, bakin mutane bai kama ba, saboda haka na rubuta sunansa a kan shafinta, ku kuma ku rubuta shi da manyan baƙaƙe.

Na san yadda ake kankare tawada, da wuƙa da ɗan haƙuri ba mai gane wurin. Ban kankare ba, ku ma ban yarda ku tsallake ba. Ku juya saɗarar yadda take, ku ja jan zanen a ƙarƙashinta, ku rubuta a gefe abin da na rubuta: wannan ƙarya ce, marubucin ne ya sa shi da hannunsa, gida bakwai suka tashi a kanta. Mai hudar kuwa na zura zare a kafarsa na ɗaure shi a bakin gafakar kundin, shi ne abin da yake bugun yatsunku duk lokacin da kuka zo buɗewa. Kada ku cire shi.

Nan maganar ta tsaya. Allah ya gafarta wa wanda ya rubuta, ya shayar da waɗanda ya hana ruwa.